Tanka da Kwalabe Takwas

Haƙorana biyu na gaba ba su nan, kuma ba tsufa ne ya ɗauke su ba, maƙwabcina ne. Kafin ku ce mugu ne ku tsaya ku ji labarinsa. Ni da na rasa haƙoran ban riƙe shi ba, ku da naku suke cif-cif kada ku taya ni fushi.

Tanka ake ce masa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ɗakinsa yana jikin nawa a gidan haya, bangonmu ɗaya, famfonmu ɗaya, banɗakinmu ɗaya. Ni mai faci ne, rumfata tana kallon ƙofar siton takin zamani inda yake aikin dako. A gida in gan shi, a wurin aiki in gan shi. Ko matarsa ba ta kai ni kallon fuskarsa ba, kuma fuskar ba wata abin marmari ba ce.

Ranar da ya fara zuwa siton yana saurayi, shugaban 'yan dako ya ce ba a ɗaukar baƙo, ya hankaɗa shi. Tanka ya shiga ya ɗora buhu biyu a kafaɗa ɗaya, ya kai mota, ya dawo, sannan ya ɗaga shugaban kamar buhu na uku ya maka shi da sikeli. Muƙamuƙin mutumin ya goce, wata biyu da tsinken roba yake shan ruwa. Tun daga ranar Tanka ne shugaba. Ba a yi zaɓe ba, ba wanda ya nemi a yi.

Ba ya dukan banza, wannan zan faɗa masa ko a gaban alƙali. Akwai wani direban tirela da ya yi baya ya taka ƙafar ɗan dako, ya leƙo yana dariya wai ai ƙafa biyu gare shi. Tanka ya zaro shi ta taga kamar ana zare tib daga taya, ya riƙe ƙeyarsa ya yi ta buga goshinsa da ƙofar motar har ƙofar ta lotsa. Da idona na ga lotsawar, hannuna ya shige ciki tsaf. Direban ya bar garin da ɗinki tara.

Ba ya shan sigari, ba ya shan giya, ba ya shan ƙwaya. Abu ɗaya ne kawai: maganin ciwon jiki na kemis, huɗu da safe, huɗu in ya tashi aiki, ya watsa a baki kamar gyaɗa. In na ce, "Yaya, wannan ba ƙwaya ba ce?" sai ya ce, "Ƙwaya a lungu ake sayar da ita, wannan a kanti take, da kwalinta." Mutum ɗaya yake tsoro a duniya, matarsa, Maman 'yan biyu, tela ce, tsayinta bai wuce hammatarsa ba.

Shekara shida da suka wuce kamfani ya fara kawo nas duk shekara don gwajin lafiya. Kowa a ba shi 'yar kwalba da sunansa a jiki, ya shiga banɗaki ya kawo fitsari, ta tsoma wani ɗan tsinken takarda mai kala-kala, ta gwada launin da na jikin gwangwani, ta rubuta. A shekarar farko tsinken wani dattijo ya canza launi, aka tura shi asibiti, ba a sake ganinsa a sito ba. Ba wanda ya je ya tambayi dalili. Magana ta bazu cewa masu shan ƙwaya ake nema a kora.

To, mutum bakwai ne a ƙarƙashin Tanka, kuma duk bakwai ɗin sai sun kora 'yar ƙwayar ƙarfi kafin su taɓa buhu. Babbansu shi ne Mai Ƙugiya, amininsa tun suna samari, wanda ba ya rabuwa da ƙugiyar jan buhu ko wanka zai shiga. Shi ya kawo dabarar.

"Yaya, kai ne mai tsabta a cikinmu. Ka rufa mana asiri."

Tanka ya ji an fasa masa kai. Ya ce, "Kwalba nawa?"

Daga nan abin ya zama aikinsu na duk shekara. Ranar gwaji da safe zai zo rumfata da jarka cike da ruwa, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya kafa kai. Ya sha, ya huta, ya sha, har in ya motsa kana jin cikinsa yana kwatsal-kwatsal. Ni na raɗa masa suna Tanka a nan wurin, ya jefe ni da guduma, ta wuce ta gefen kunnena, amma sunan ya bi shi. In ya cika sai ya shige banɗakin ƙarshe na sito ya kulle. Su kuma su riƙa zuwa ɗai-ɗai suna turo kwalba ta ƙarƙashin ƙofa, ya cika ya turo musu. Kwalabe takwas da tasa, fari tas kamar daga famfo aka tara. Nas ta tsoma tsinke, ba abin da ya motsa, ta rubuta lafiya ƙalau sau takwas. Shekara huɗu ana haka. Yaran suka riƙa yi masa kirari a bakin sito, shi kuma yana tafiya yana buɗa kafaɗa kamar wanda ya ciyar da unguwa.

Ni kuwa akwai abin da nake gani. Na ce muku banɗakinmu ɗaya. In ya fito na shiga, sai in tarar da kumfa a kwata, fara sol, ta ƙi bajewa ko an kora ruwa. Wata rana na ce, "Yaya, sabulu ka koma sha ne? In kana da saura ka sam mini, ina da wanki." Bokiti ya wurgo mini da ruwansa. Na yi dariyata na wuce, don ban san kumfar tana da ma'ana ba. Na ɗauka kawai na sami sabon abin tsokana.

A shekara ta biyar aka canza nas. Wata dattijuwa ce ta zo, tabarau rataye da igiya a wuya, kowa Sista yake ce mata. Ta tsoma tsinken kamar yadda aka saba, amma ba ta zubar da sauran ba. Ta jera kwalaben a cikin kula ta ce za a kai babban ɗakin gwaji. Tanka ya ce ko gidan rediyo za ta kai ta kai.

Bayan mako ɗaya aka rabo ambulan takwas. Kowanne magana ɗaya: an ga alamar ƙoda tana zubar da abin da bai kamata ba, a dakatar da ɗaukar kaya sai an sake gwaji. Ɗan dako kuwa ranar da bai ɗauki buhu ba, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa.

Rana tsaka suka zo rumfata, Tanka yana zaune yana juya tasa takardar, ina karanta masa da ƙyar. Su bakwai suka zagaye mu. Mai Ƙugiya ne a gaba.

"Yaya, me ka zuba mana a kwalba?"

"Abin da na saba zuba muku."

"Ƙarya ne! Shekara huɗu lafiya, bana ka sa mana cuta a takarda? Me ka ci? Me ka sha? Ko an saye ka ne a kore mu ka kawo 'yan garinku?"

"Injinsu ne yake ƙarya. Dube ni da kyau, na yi maka kama da mara lafiya?"

Wani daga baya ya ce, "Ruɓaɓɓe kawai, ka ruɓe ka shafa mana."

Tanka ya miƙe. Ni kuma na shige cikin wata tayar tarakta da aka kawo mini faci, na leƙo ta tsakiya.

Wanda ya ce ruɓaɓɓe shi ya fara tashi sama. Ya sauko a cikin bahon ruwan da nake gwada tib, baho ya tsage. Biyu suka ɗare masa baya, ya ja da baya ya matse su da turken rumfa, na ji ƙashin wuyan ɗaya ya ce ƙas, rumfar ta karkace, kwano ya zamo ya yanki goshin wani. Ɗaya ya ɗauki ƙarfen cire tayata ya zuba masa a haƙarƙari, sau ɗaya, sau biyu. Tanka ya ƙwace, ya riƙe wuyan hannun yaron ya murɗe har yaron ya durƙusa yana kiran uwarsa. Masu wucewa suka taru, ba mai rabawa, wa zai sa hannu? Jini a kan tayoyina, jini a kan famfon iska. Sai Mai Ƙugiya ya zagayo ta baya ya kafa masa ƙugiya a kafaɗa, kamar yadda yake kafa wa buhu, ya ja da ƙarfinsa duka. Na ji ƙarar yagewar riga da ta abin da yake ƙarƙashin riga. Tanka ya juyo da ƙugiyar a jikinsa, ya shaƙe amininsa da hannu ɗaya, ya ɗaga shi har ƙafafunsa suna harbin iska.

"Sauke shi!"

Sista ce ta tsallako titi da masu gadi biyu, su suna bayanta, ba gabanta ba. Tanka ya saki, Mai Ƙugiya ya zube yana tari. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta sa tabaraunta.

"Na yi shekara talatin a aikin nan, ban taɓa ganin mutum takwas da lambobinsu suka zo kusan ɗaya haka ba. Ko 'yan uwa ɗaya ba sa yi. Fitsarin mutum ɗaya ne a kwalaben nan, kuma mutumin yana buƙatar likita. Na wa ne?"

Su da suke neman kashe juna yanzun nan, duk suka zama 'yan uwa, kowa yana kallon ƙasa. In sun faɗa, sun tona kansu. In Tanka ya faɗa, ya yarda shi ne ruɓaɓɓen. Na ga za ta juya ta tafi da tambayarta, shi kuma ya koma gida da kumfarsa.

Bakina ne ya riga hankalina. Daga cikin taya na ce, "Na Tanka ne, Sista. Jarka guda yake sha ya cika musu. Kuma in ba ranar gwaji ba, fitsarinsa kumfa yake kamar an wanke bargo."

Ban ga tahowar hannun ba. Na dai ji duniya ta yi fari, na tofar da wani abu mai tauri a tafina, biyu ne, da jijiyarsu.

A ɗakin shan magani na kamfani aka jera mu a benci ɗaya, ni da auduga a baki, shi Sista tana ɗinke masa kafaɗa. Ya ƙi allurar kashe zafi. Tana ɗinki tana magana, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

"Ɗana, tsinken nan ba boka ba ne. Abin da ya taru yake gani. Ka zuba gishiri cokali ɗaya a kofi, harshe zai ji. Ka zuba shi a duro, wa zai ji? Haka ka yi mana. Ƙodarka tana zubar da furotin, abin da ya kamata ya zauna a jini, kai kuma kana tsarma shi da jarkar ruwa, tsinke ya ce lafiya. Na babban ɗakin gwaji ba a yi masa haka, don yana auna shi ne da wani abin da ƙoda ke fitarwa kullum, ko ka sha kogi sai ya gane."

"Ke nan an gama da ni."

"Wa ya ce? Shi ma gwaji ɗaya ba hukunci ba ne. Mutum yana iya dako tun safe a rana bai sha ruwa ba, a ga alama, gobe ta ɓace. Zazzaɓi ma yana sa haka. Shi ya sa aka ce a sake. Ka huta kwana ɗaya, ka kawo na farkon tashi daga barci, ba jarka. A maimaita cikin wata uku, a ɗibi jini. Ƙoda ba ta ciwo da wuri, ranar da ka ji ta, ta yi nisa. Kuma mu ba ƙwaya muke nema ba, ban san wanda ya gaya muku haka ba. Dattijon da kuke cewa an kora, asibiti aka tura shi, 'ya'yansa ne suka hana shi dawowa dako."

Tanka ya ce, "Ni da nake ɗaukar buhu biyu?" Ya miƙe ya kifar da teburinta da ƙafa, kwalabe da almakasai suka watse, ya fita da zare yana reto a kafaɗa.

Kwana biyu bai fita ba, ina jin juyinsa ta bango. A rana ta uku da sassafe ina wanke baki a bakin famfo, leɓena kamar an hura tib, sai ga shi da 'yar kwalbar da Sista ta aiko.

"Ɗan faci, cika mini."

Na ɗauka wasa yake. Na ce, "Yaya, kamfanin ya koma hannuna ke nan? Ban da jarka."

"Ba wasa nake ba. Kai ka tona, kai za ka rufe."

"Sai dai ka cire sauran haƙoran. Talatin ne suka rage, ka fara daga dama."

Ya cakumi wuyana ya haɗa ni da bango. Na ji yatsunsa suna neman haɗuwa a bayan maƙogwarona, idona ya fara ganin taurari. Sai na ji wani abu ya wuce fiu, ya kafe a jikin ƙyauren banɗaki, tazarar yatsa uku daga kunnensa. Babban almakashin ɗinki ne, yana ta rawa.

Maman 'yan biyu tana tsaye a ƙofar ɗakinsu, dutsen guga a ɗaya hannun.

"Baban 'yan biyu, na gaba ba zan kuskure ba. Sake shi."

Ya sake ni.

"Shekara huɗu kana rabon fitsari a gari kamar mai famfo, ni ban sani ba sai a bakin masu kawo ɗinki. Yanzu kuma na mai faci za ka kai? To in takarda ta ce lafiyarsa ƙalau, shi ka warkar ko kai? In ka faɗi, wa zai ɗauke ka? Ni? Ko yaran da ba su gama firamare ba?" Ta karɓe kwalbar, ta dangwara masa a tafi. "Shiga. Kada ka rufe ƙofa."

"Haba, a gaban wannan?"

"Shi ya fi kowa sanin kumfarka. Shiga."

Na ce, "Anti, in riƙe masa ne?" Ta juyo da dutsen guga, na ja bakina.

Sau uku aka gwada cikin wata uku, sau uku magana ɗaya ta fito. Likita ya ce jininsa ya hau tun ba yau ba, ga maganin ciwon jikin da yake watsawa, su suka haɗu suna cin ƙodar. Amma ya ce an kama ta tana da sauran ƙarfi, in ya bi doka za a iya riƙe ta shekaru. Aka hana shi maganin kemis, aka rage masa gishiri, aka ba shi na hawan jini. Kamfani bai kore shi ba, aka mayar da shi gadin ƙofa. Ranar farko da ya sa yunifom, maɓallan suna neman tsinkewa, na ƙame na sara masa. Bai yi dariya ba.

Su bakwai ɗin ma aka sake musu, kowa da nasa na gaskiya, mai karyayyen ƙashi da majanyi a wuya. Biyar lafiya ƙalau. Ɗaya an ga suga. Na bakwai Mai Ƙugiya ne. Ƙodarsa duka biyu sun kusa tsayawa. Likita ya buɗe fayil ya ga takarda huɗu da sunansa, kowace ta ce lafiya, ya tambaye shi yaya aka yi haka, don abin nan ba a shekara ɗaya ya faru ba.

Ranar da Tanka ya ji, ya shigo gida bai kula kowa ba, ya shiga ɗaki ya fara naushin bango. Bangonmu. Madubina ya faɗo ya tarwatse, siminti yana zubo mini a katifa. Matarsa ba ta hana shi ba, ta kwashe yaran ta fito tsakar gida. Sai da ƙasusuwan yatsunsa biyu suka karye ya daina. Tsagar tana nan har yau, na ce wa mai gida ƙasa ce ta motsa.

Yanzu sau biyu a mako ana yi wa Mai Ƙugiya wankin ƙoda. Ɗakin a hawa na biyu yake, lif ɗin kuma ranar da ya ga dama yake aiki. Tanka ne yake goya shi ya hau da shi, hannun Mai Ƙugiya a sarƙafe daidai kan tabon da ya yi masa. Na taɓa raka su. Na ce, "Yaya, ba likita ya hana ka ɗaukar kaya ba?" Ya ce, "Wannan bai kai rabin buhu ba." Mai Ƙugiya daga baya ya ce, "Uwarka ce rabin buhu." Suka ci gaba da hawa.

Bana da ranar gwaji ta zagayo, Tanka ya zo da safe ya ari ƙarfen cire tayata. Ya ja kujera ya zauna a ƙofar banɗakin sito, ƙarfen a kan cinya. Wani sabon ɗan dako da bai san tarihi ba ya sunkuya zai tura wa abokinsa kwalba ta ƙarƙashin ƙofa. Tanka ya taka hannun da takalmin gadi, ya danna har kwalbar ta fashe a tafinsa. Daga rumfata na ji ihun. Sista ta ɗinke shi, ta ba shi sabuwar kwalba, ta kai ƙarar Tanka ofis, aka dakatar da shi kwana uku. Ya ce baɗi ma nan zai zauna.

Da ya dawo mini da ƙarfen ya zauna a kan tsohuwar tayarsa ya ce in ba shi ruwa.

Na ce, "Kofi ko jarka?"

Ya ɗaga hannu. Na wage masa baki, na nuna masa giɓin. "Ka makara, Yaya, nan gaba an riga an kwashe."

Ya sauke hannun ya karɓi kofin.